Ƙananan Miyagun Mujallun Zane da Hannayen da Suka Ƙago Su



Waɗanda suka kalli fim ɗin The Suicide Squad na shekarar 2021 a cikinmu ba za su manta da wani siririn mutum ba, mai farar sutura da aka cika da ɗige-ɗige masu launi iri-iri, wanda kullum kansa a sunkuye yake kamar mai jiran a yi masa faɗa. Sunansa Polka-Dot Man, wato mai ɗige-ɗige. Da farko dariya ya ba mu. Kafin fim ya ƙare kuwa, shi ne ya fi kowa ba mu tausayi. Da yawa sun ɗauka masu shirya fim ɗin ne suka ƙirƙiro shi don raha, alhali ya girmi mafi yawan waɗanda suka kalle shi. An fara zana shi a mujallar Detective Comics, fitowa ta 300, ta watan Fabrairun 1962. Ya fito sau ɗaya, Batman da Robin suka kama shi, aka rufe shafi, ya yi fiye da shekara talatin babu wanda ya sake waiwayarsa.

Irinsa suna da yawa a mujallun zane na Amurka. Kowa ya san Joker da Lex Luthor da Thanos, amma a bayan waɗannan manya akwai tarin ƙananan miyagu da suka fito sau ɗaya ko sau biyu, suka sha kashi, aka manta da su. Mun ga ya dace mu bi sawun wasu daga cikinsu, domin wanda ya bi sawunsu zai gane yadda sana'ar kanta take: abin da ya sa aka yi ta haihuwarsu barkatai, abin da ya sa da yawansu suka fito kamar wawaye, da kuma su wa suka sha wahalar ƙago su, su wa suka ci gajiyar.

Sana'ar ta kafu ne a birnin Niyok. A 1938 Superman ya bayyana a fitowa ta farko ta Action Comics, a 1939 kuma Batman ya biyo baya a fitowa ta 27 ta Detective Comics. Senti 10 ake sayar da kowace mujalla, a kan takarda mai arha, don yara su karanta su yar. Jarumin ba ya tsufa, ba ya mutuwa, ba ya canza hali. Abin da kawai zai bambanta labarin wannan wata da na watan jiya shi ne abokin gaba. Marubuci ya zama kamar mai tuwon sayarwa, wadda dole ta ɗora tukunya kowace safiya ko da ba ta da sabon kayan miya. A shekarun 1950 kowace fitowa ta mujallar Batman takan ƙunshi labari uku, ga kuma Detective Comics tana fita wata-wata. Kowane labari yana buƙatar mugu, kuma ba kullum za a dawo da Joker ba.

Shi kansa Joker da ƙyar ya sha. A fitowa ta farko ta mujallar Batman, a 1940, an tsara ya mutu da sukar wuƙarsa a ƙarshen labarinsa na biyu. Edita Whitney Ellsworth ne ya ga asara ce a zubar da irin wannan mugu, ya sa aka ƙara zane a ƙarshe da ke nuna yana da sauran numfashi. Da editan ya yi shiru, da yau Joker yana cikin jerin waɗanda muke ba da labarinsu. Riddler, mai kacici-kacici, ya fito sau biyu a 1948, daga nan ya ɓace har 1965. Deadshot, maharbin da harsashinsa ba ya kuskure, ya bayyana a fitowa ta 59 ta mujallar Batman a 1950, sanye da kwat da doguwar hula irin ta attajiran Turawa, yana riya cewa ya zo taya 'yan sanda aiki ne, alhali so yake ya ture Batman ya mallaki 'yan fashin birnin Gotham. Asirinsa ya tonu, aka kai shi kurkuku, ya zauna can shekara 27 ba tare da wani marubuci ya tuna da shi ba.

Shekarar 1954 ce ta sauya komai. A shekarar ne wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafinsa Seduction of the Innocent, inda ya zargi mujallun zane da lalata tarbiyyar yara. A watan Afrilu wani kwamiti na majalisar dattawan Amurka ya zauna a Niyok yana sauraron shaidu kan lamarin. Kamfanoni suka tsorata kada gwamnati ta sa musu takunkumi, sai suka riga ta: suka kafa hukumar tace mujallu ta kansu, mai hatimin da ake bugawa a bangon kowace fitowa. Dillalai da yawa suka daina karɓar mujallar da ba ta da hatimin. Ƙa'idojin sun hana nuna mai laifi ta yadda za a tausaya masa, sun hana bayyana dalla-dalla yadda ake aikata laifi, sun hana zubar da mutuncin ɗan sanda ko alƙali, sun kuma wajabta cewa alheri ne zai rinjayi sharri a kowane labari.

Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Miyagu masu ban tsoro suka ja da baya. Catwoman ta ɓace daga 1954 har 1966. Two-Face, mai fuskar da rabinta ya ƙone, bai dawo da ƙarfinsa ba sai 1971. To, wane mugu ya rage wa marubuci, tunda ba a son mai zubar da jini, ba a son mai ban tausayi, ba a kuma son mai dabarar da yaro zai iya kwaikwaya? Sai mugu mai abin mamaki guda ɗaya, wanda za a zana a bango ya ja idon yaro a shago.

Daga nan aka shiga kakarsu. A 1958 Calendar Man ya fito a Detective Comics ta 259, yana tsara fashinsa bisa kalanda, yana canza sutura daidai da yanayin shekara. A 1959 Mr. Zero ya fito a Batman ta 121, wani masanin kimiyya da haɗari ya mayar da shi ba ya iya rayuwa sai cikin tsananin sanyi, yana yawo da bindiga mai daskarar da mutane. A 1960 Kite Man ya fito a Batman ta 133. Makaminsa shi ne abin wasan nan na takarda da yara ke ɗaura wa dogon zare su sake shi iska ta ɗaga. Nasa dai ƙato ne, yana ratayuwa a jikinsa ya tashi sama. A 1962 mai ɗige-ɗigenmu ya zo, yana ɓalle ɗigo daga rigarsa ya jefa, ɗigon ya rikiɗe ya zama zarto ko faifan da zai hau ya tsere. A 1963 Catman ya biyo baya. Kamfanin Marvel ma bai tsira ba. A 1963 ya fito da Paste-Pot Pete, mai yaƙi da bokitin gam, wanda sunansa ya zama abin dariya har aka sauya masa suna zuwa Trapster a 1965. A wannan shekarar kuma Daredevil ya gamu da Stilt-Man, ɓarawon da ya ƙera wa kansa ƙafafun ƙarfe masu miƙewa har tsayin bene. Kowa ya san abin da ke jiran mai irin waɗannan ƙafafu idan aka taɗe shi.

Yana da sauƙi mu yi musu dariya. Amma ya kamata mu tambaya, wa ya zauna ya ƙago su? Duk labarin Batman na wancan zamani suna ɗaya yake ɗauke da shi: Bob Kane. Yarjejeniyar da ya ƙulla da kamfanin da yanzu ake kira DC ta ba shi wannan matsayi shi kaɗai. Amma wanda ya rubuta labarin farko na Riddler da na Calendar Man da na Kite Man da na Polka-Dot Man da na Catman mutum ɗaya ne, Bill Finger. Shi ne kuma tun 1939 ya ba da shawarar hular da ke rufe fuskar Batman da baƙar alkyabbarsa, shi ya raɗa masa suna Bruce Wayne, shi ya sa wa birninsa suna Gotham. An san shi da ajiye littafin rubutu inda yake tara 'yan abubuwan ban mamaki da ya gani ko ya karanta, don ranar da edita zai nemi labari da gaggawa. Daga irin wannan tanadi ne miyagun kalanda da na ɗige-ɗige suka fito. Shafi-shafi ake biyansa, ba shi da kaso a cikin abin da ya ƙaga.

Haka masu zane. Sheldon Moldoff, wanda ya zana Calendar Man da Mr. Zero da Polka-Dot Man, ya yi wa Kane aiki a ɓoye daga 1953 zuwa 1967, shi ke zane, Kane ke sa hannu. Lew Sayre Schwartz, wanda ya zana Deadshot, haka ya yi kafin shi. Dick Sprang, mai zanen Riddler da Kite Man, ya yi shekaru masu karatu na gane hannunsa ba tare da sun san sunansa ba. Hausawa sun riga sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1964 cinikin mujallun Batman ya ja baya, aka miƙa su ga sabon edita, Julius Schwartz, wanda ya share yawancin abubuwan wasan yara na shekarun baya. Sai kuma a 1966 aka fara shirin Batman na talabijin, wanda ya rungumi wautar da gangan don ban dariya. Shirin ya ɗaga wasu daga ƙasa. Riddler, wanda bai daɗe da dawowa ba, ya zama sananne a kowane gida saboda wasan Frank Gorshin. Mr. Zero ya samu sabon suna, Mr. Freeze, kuma 'yan wasa uku suka taka rawarsa: George Sanders da Otto Preminger da Eli Wallach. A cikin wannan shiri ne sunan Bill Finger ya bayyana a jikin wani aikin Batman, abin da ba kasafai ya gani a rayuwarsa ba, domin shi da abokinsa Charles Sinclair ne suka rubuta labarin wani ƙaramin mugu mai suna Clock King, mai fashi da agoguna. Da shirin ya ƙare a 1968, marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams suka mayar da Batman cikin duhu da tsanani irin na farkonsa, ƙananan miyagu suka zama abin kunya da ake ɓoyewa. Finger ya rasu a Niyok a watan Janairun 1974, yana da shekara 59, ba shi da dukiya, duniya ba ta san shi ba.

A tatsuniyoyinmu babu wanda ya mallaki Gizo ko Ƙoƙi. Duk tsohuwar da ta ga dama za ta ɗauko su da dare, wanda aka daina ambata kuma ya tafi ke nan. A mujallun Amurka kuwa kowane mugu, komai ƙanƙantarsa, kadarar kamfani ce, a rubuce, a ajiye. Shi ya sa ba sa ɓacewa gaba ɗaya. A farkon shekarun 1980 kamfanonin biyu suka fara ƙidaya dukiyarsu. Marvel ya fitar da jerin mujallu masu bayanin kowane jarumi da kowane mugu ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin edita Mark Gruenwald, DC kuma ya fitar da nasa mai suna Who's Who daga 1985. A nan aka ga yawan tarkacen da aka tara.

Gruenwald, wanda ya fi kowa sanin sunayensu, shi ne ya shirya musu kisan kiyashi. Ya ƙago wani maharbi mai ɓad da kama, Scourge, wanda daga 1985 ya riƙa bayyana a mujallun Marvel daban-daban, ya harbe wani ƙaramin mugu ya ɓace. Na farko da ya kashe shi ne Enforcer, a Iron Man ta 194. Abin ya kai ƙarshe a Captain America ta 319, a 1986. Ƙananan miyagu da tsoro ya kama suka taru a wata mashaya a jihar Ohio don su yi shawarar yadda za su kare kansu, aka karɓe makaman kowa a bakin ƙofa saboda tsaro, ashe mai ba su abin sha shi ne maharbin. Ya buɗe musu wuta, goma sha takwas suka faɗi. Cikinsu har da Turner D. Century, wanda ke yawo a kan keke mai tashi sama yana neman mayar da duniya zamanin kakanninsa. Manufar ita ce a share gida. Abin da ya faru kuwa shi ne, masu karatu da ba su taɓa damuwa da waɗannan bayin Allah ba suka fara tambayar su wane ne, suna neman tsofaffin fitowar da suka bayyana a ciki.

A daidai wannan lokaci wasu marubuta suka gano cewa da tsohuwar zuma ake magani. Tun 1977 Steve Englehart da Marshall Rogers suka fito da Deadshot daga kurkuku a Detective Comics ta 474, suka cire masa kwat da hula, suka ba shi jar sutura da bindigogi a wuyan hannu. A 1987 John Ostrander ya ɗauke shi, tare da irin su Captain Boomerang, ya kafa mujallar Suicide Squad: fursunonin da wata jami'ar gwamnati, Amanda Waller, ke turawa aikin da ba a sa ran dawowa, da alkawarin rage musu wa'adi. Hikimar Ostrander a fili take. Mai karatu ya san kamfani ba zai bari a kashe Batman ko Joker ba, saboda haka ba ya jin tsoro dominsu. Ƙaramin mugu kuwa ana iya kashe shi a shafi na gaba, don haka duk harsashin da aka harba a labarin yana da nauyi. Rashin darajarsu a wurin kamfani ya zama 'yancin marubuci. Mujallar ta yi fitowa 66, ta kuma mayar da Deadshot mutum mai tarihi da ciwon zuci, wanda bai damu ko ya rayu ko ya mutu ba.

Wanda ya fi kowa cin ribar wannan salo shi ne Mr. Freeze. A 1992, a shirin zane mai motsi na Batman, Paul Dini ya rubuta kashi mai suna Heart of Ice. Bai canza masa bindiga ba, bai canza masa sanyi ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne mata, Nora, wadda ciwon ajali ya kama, mijin ya daskarar da ita yana neman magani, sai mai kamfanin da yake wa aiki ya katse gwajin saboda kuɗi. Kashin ya ci lambar yabo ta Emmy a fannin rubutu, mujallu kuma suka karɓi wannan tarihi suka mayar da shi nasu. Mutumin da ya yi shekara 33 yana yawo a matsayin abin wasa ya zama ɗaya daga cikin miyagun Batman mafi ban tausayi, don kawai an samu wanda ya tambaya: me ya kai shi?

Sauran suka bi layi. Jeph Loeb da Tim Sale, a The Long Halloween na 1996 zuwa 1997, suka zaunar da Calendar Man a ɗakin tsare mahaukata, natsattse mai ban tsoro, wanda Batman da kansa ke zuwa neman shawararsa kan wani mai kisa a ranakun bukukuwa. Gail Simone ta ɗauki Catman a 2005, bayan ya zama abin ba'a, ta dawo da shi mafarauci mai kwarjini. A 2009 wani labarin Punisher ya tashi da yawa daga cikin mamatan mashayar Ohio. A 2013 Nick Spencer da Steve Lieber suka yi mujalla sukutum kan wasu ƙananan abokan gaban Spider-Man, masu fama da bashi da cin amanar juna. A 2017 Tom King ya ba Kite Man ɗa, yaron da yake koya wa wasan jirgin takarda, wanda Riddler ya kashe ta hanyar shafa guba a jikin zaren. Daga nan muka gane cewa suturar ban dariyar nan makoki ce uban yake yi. Polka-Dot Man na fim ɗin 2021 ma haka aka yi masa: uwarsa masaniyar kimiyya ce da ta yi gwaji a kan 'ya'yanta, ɗige-ɗigen kuma cuta ce a jikinsa. A 2023 fim ɗin Spider-Man: Across the Spider-Verse ya gina labarinsa a kan Spot, wani mugun shekarun 1980 da jarumin ya raina a farkon fim, rainin kuma ya mayar da shi bala'i. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Abin lura shi ne, abin da ƙa'idojin 1954 suka haramta, wato tausaya wa mai laifi, shi ne ya raya waɗannan miyagu daga baya. An sassauta ƙa'idojin a 1971, Marvel ya fice daga tsarin a 2001, DC ya bi shi a 2011, hatimin ya mutu. Miyagun da aka haifa a ƙarƙashin takunkumi suka rayu bayansa.

Shi kuwa wanda ya ƙagi da yawansu, nasa tashin ya fi jinkiri. A littafin tarihin rayuwarsa na 1989, Bob Kane ya amsa cewa Finger bai samu yabon da ya cancanta ba, amma a lokacin Finger ya shekara 15 a ƙasa. A 2005 tsohon abokin aikinsa Jerry Robinson ya kafa lambar yabo da sunansa, don marubutan mujallun zane da ba a yaba musu yadda ya kamata ba. Marubuci Marc Tyler Nobleman ya yi shekaru yana bincike, ya gano jikar Finger, ya wallafa littafi a kansa a 2012. Sai a watan Satumban 2015 kamfanin DC ya sanar cewa daga yanzu sunan Bill Finger zai riƙa fitowa tare da na Kane a ayyukan Batman. Shekara 76 ke nan bayan fitowar Batman ta farko, shekara 41 bayan rasuwar mai sunan. Moldoff ya rasu a 2012, ya dai samu ya ga masu karatu suna neman sa hannunsa a tarukan masoya mujallu, a kan zanen da a dā wani ke sa wa hannu.

Saboda haka, duk ranar da muka ci karo da tsohuwar mujalla a wurin masu sayar da littattafan hannu, ko muka ga wani baƙon mugu mai suturar ban dariya a fim, yana da kyau mu duba shekarar da aka fara zana shi, mu kuma nemi sunan wanda ya rubuta da wanda ya zana. Sau da yawa za mu tarar ba shi ne sunan da ke jikin bango ba.